Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa a binciken homon ɗin launin kifi

Duk shekara sai ɗaliban ajin ƙarshe sun kawo mini aiki a kan sauyin launin karfasa ko tarwada, kuma kurakuran bara su ne na bana. Na gaji da ƙarar da jan biro, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ku fara daina rikita MCH da MSH, homon biyu (wato sinadaran da ke kai saƙo ta jini) masu sarrafa launin kifi. Harafi ɗaya ne ya raba su, amma aikinsu hannun riga ne. MCH yana tattara melanin, wato sinadarin baƙin launi, a tsakiyar ƙwayar launi ta fata, sai kifi ya yi haske. MSH yana baza shi, kifi ya yi duhu. Ba kuma wuri ɗaya ake yin su ba. MSH a ɓangaren tsakiya na fituwitari, ƙaramar ƙwayar homon da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, ake yanko shi daga wani babban furotin mai suna POMC. Shi kuwa MCH, ƙwayoyin jijiya na wani ɓangaren ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas ne ke ƙera shi, su turo shi bayan fituwitari a ajiye. Gaskiya ne daga fituwitarin kifin salmon Hiroshi Kawauchi da abokan aikinsa suka fara tace shi a Japan a 1983, amma rumbu ba gona ba ne.

Yanzu ga wanda har yau yake ci mini rai. Ina ɗalibi na yi watanni ina kiwon karfasa, rabi a farin tanki, rabi a baƙi. Ana gobe yanka, don in rage wa kaina zirga-zirga, na kwaso su na ajiye kusa da ɗakin gwaji a cikin baƙaƙen bahon roba. Dukansu. Washegari kifin farin tankin sun yi duhu, aikin watanni ya bi ruwa a dare ɗaya. Kifi da ido yake auna launin wurin da yake, ya sanar da ƙwaƙwalwa, kuma ba ya jiran ranar da ka tsara. Amma har yau ina ganin ɗalibi ya tsamo kifi ya jefa a bokitin da ya tsinta a bakin famfo, ya tafi neman almakashi. Wannan sakaci ne, ba ƙarancin kayan aiki ba. Ni dai tun daga ranar, kifi ba ya barin tankinsa sai komai na kan tebur, bokitin ɗauka launinsa ɗaya da na tankin, kuma a lokaci iri ɗaya nake yanka kowace safiya.

Ƙanin wannan kuskure shi ne a ga MCH ya cika fituwitari a rubuta cewa yana aiki sosai. Sau da yawa akasin haka ne: kifin da aka mayar baƙin tanki yana rage sakin MCH cikin jini, sai ya taru a ma'ajiya. In ba ku auna na jini ba, ba ku da bakin magana.

Kada ku yi ta bin kifi da koma a tanki. Firgici yana motsa homon ɗin ACTH, wanda shi ma daga POMC yake fitowa, ya dagula muku lissafi.

Hasken da kifi ke yi cikin daƙiƙoƙi aikin jijiya ne da sinadarin noradirenalin da take saki, ku daina jingina shi ga homon. Ja da rawaya galibi daga sinadaran launi na abinci da ake kira karotinoid suke samuwa, ku duba buhun abincin tukuna. A ma'aunin Hogben na auna bazuwar melanin a ƙwayar launi, 1 na nufin melanin ya tattaru, 5 ya bazu, kada a juya shi. Ni nakan ba wanda bai san daga wane tanki samfurin ya fito ba ya ƙirga mini. Masu kwaso bayanin ɓera su liƙa wa kifi kuma, MCH na dabbobi masu shayarwa amino asid 19 gare shi, an fi saninsa da harkar ci da barci, na salmon kuwa 17 ne.

Mai aiki da tarwada ya tuna ba ta da ɓawon da zai cira ya duba ƙwayoyin launi, don haka daga fatar fiffike zai yanki samfurinsa ya sa a ruwan gishirin gwaji nan take.