Yadda za ka shiga butkam na rubuta manhaja daga Katsina ba ka yi asarar kuɗinka ba

Butkam horo ne mai zafi, yawanci na mako 12 zuwa 24, inda ake koyon rubuta manhaja a aikace. Ba ya maye gurbin digirin kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, amma yana iya kai mutum ga aikinsa na farko da wuri.

Kafin ka biya ko kobo, gwada kanka. Shiga freeCodeCamp, shafin koyon rubuta manhaja, kyauta ne, ka yi wata guda kan HTML da CSS (harsunan tsara shafin intanet), awa 2 kullum. Abin dubawa shi ne ko za ka iya zama awa guda kana neman kuskure ɗaya ba ka rufe kwamfuta ba. Butkam gudu ake yi a cikinsa, wanda ya shiga babu wannan tushe, kafin a kai JavaScript (harshen da ke sa shafin intanet ya yi aiki) an bar shi baya.

Sai kayan aiki. Laftof ta hannu ta isa, muddin tana da Core i5, RAM 8GB da SSD 256GB. Mai RAM 4GB za ta riƙa daskarewa da zarar ka buɗe VS Code (inda ake rubuta manhaja) da Chrome tare. Kafin ka saya, sa a cire caja ka ga baturin, ya kai awa 3, saboda halin wutarmu. Kada ka ɗora ta kan katifa, musamman a zafin bazara, ƙofofin iska ke toshewa ta mutu. Ka riƙe layin waya biyu, ka sauke bidiyon darasi da datar dare.

Wajen zaɓe, fara duba shirin horar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ba a biyan kuɗin horo. In butkam na kuɗi za ka shiga, tambayi masu shi: wa ke duba abin da ɗalibi ya rubuta, sau nawa a mako? Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, domin bidiyo ko a YouTube akwai shi, gyaran malami ne kake saye. Nemi su haɗa ka da mutum biyu da suka gama. Wanda ya ce maka aiki tabbas ne, yi hattara da shi. In kuma tsarin "biya bayan ka samu aiki" ne, karanta kaso nawa za a cire daga albashinka da tsawon wata nawa, ka sa wani babba ya karanta shi ma.

Da an fara, buɗe GitHub (shafin ajiye manhajar da ka rubuta) a makon farko, ka riƙa tura aikinka can kullum da manhajar Git. Kada ka kwafo amsa daga ChatGPT ka liƙa. Ranar ganawar ɗaukar aiki za a ce ka yi bayanin layin da ba ka san shi ba. Karanta saƙon kuskure a nutse, yakan faɗi fayil da lambar layin da matsalar take.

Takardar shaida ba ta cika ɗaukar hankalin masu ɗaukar aiki ba, abin da ka gina suke dubawa. Gina abu uku da wani zai yi amfani da su da gaske: littafin bashi na mai shago a Babbar Kasuwa, lissafin zubin adashi, ko shafin sakamakon jarrabawar wata Islamiyya a Ƙofar Ƙaura. Ɗora su a intanet ta Netlify ko GitHub Pages, ka gwada su a ƙaramar wayar Android da data mai rauni, sannan ka sa adireshinsu a saman takardar neman aikinka.