Yadda ake zaga birnin Mumbai ta jirgin ƙasa

Mumbai, wanda har zuwa 1995 ake kira Bombay, birni ne siriri mai tsawo da ya miƙe daga kudu zuwa arewa a gaɓar Tekun Arabiya, kuma jirgin ƙasa na cikin gari shi ne abin hawan da mutum sama da miliyan 7 suke dogaro da shi kullum. Baƙon da ya zo jinya ko fatauci ya sami kwana ɗaya na hutu, idan ya ce tasi kaɗai zai hau, rabin yininsa a cunkoson motoci zai ƙare. A ganina wanda bai shiga wannan jirgi ba bai ga rayuwar mutanen garin ba.

Abu na farko shi ne zaɓen lokaci. Daminar Mumbai tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwanta yakan mamaye tituna har ya tsayar da jirage, saboda haka tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi daɗin yawo. Mai tasowa daga Najeriya ya riƙe katin rigakafin cutar shawara tare da fasfonsa, domin ana neman sa a filin jirgin sama.

Na biyu, ka san layinka. Layin yamma yana tashi daga tashar Churchgate, na tsakiya da wanda ake kira Harbour kuwa daga Chhatrapati Shivaji Maharaj Terminus suke tashi. Ka sayi tikiti kafin ka shiga, kuma idan da hali ka biya kuɗin taragon ajin farko, wanda matsinsa ya ɗan fi sauƙi. A allon tasha harafin F yana nufin jirgi mai tsallake ƙananan tashoshi, S kuma mai tsayawa ko'ina, wanda shi ya fi dacewa da baƙo. Mata suna da taragunsu na daban, kuma namiji bai shiga. Da safe jama'a kudu suke kwarara zuwa ofisoshi, da yamma kuma su koma arewa, don haka ka bi akasin wannan, ko ka jira hantsi ya yi. Jirgin bai daɗewa a tasha, ƙofofinsa kuma galibi a buɗe yake tafiya da su, saboda haka ka matso kusa da ƙofa tun saura tasha ɗaya, amma kada ka rataya a bakinta kamar yadda za ka ga samari suna yi, domin rayuka da yawa sun salwanta a haka.

Ka fara yawon daga ita Chhatrapati Shivaji Maharaj Terminus ɗin, ka fito waje ka dubi gininta da aka kammala a 1888. Daga wannan wuri jirgin fasinja na farko a Indiya ya tashi zuwa Thane a 1853. Daga nan ka ɗauki tasi mai launin baƙi da rawaya, ka ce wa direba ya kunna mita, ya kai ka Gateway of India, ƙofar da aka gama a 1924, wadda ta nan ragowar sojojin Birtaniya suka fice a 1948. Kada ka ɓata lokaci neman keke mai ƙafa uku a wannan sashe, an hana su shiga kudancin birnin, sai daga unguwar Bandra zuwa arewa.

Wajen ƙarfe 11 da rabi ka kasance a gaban Churchgate, inda masu dakon abinci da ake kira dabbawala, sanye da fararen huluna, suke rarraba kwanukan da suka ɗauko daga gidaje domin kai wa ma'aikata a ofisoshinsu, sana'ar da ta faro tun 1890. Daga nan ka hau jirgi mai tsayawa ko'ina ka sauka a Mahalaxmi. Daga kan gadar tashar ana hango Dhobi Ghat, inda masu wanki suke bugun tufafi a jerin kwamin siminti, shanya kuwa iya ganinka.

Hubbaren Haji Ali yana kusa da nan, a kan ɗan tsibiri, kuma siririyar hanya ce ake bi a ƙafa zuwa can. Teku yakan shafe wannan hanya idan ya cika, don haka ka tambayi lokacin janyewarsa tun da safe. Akwai masallaci a wurin, kana iya yin azahar ko la'asar.

Da almuru ka zauna a kan katangar Marine Drive, titin da ke bakin teku, tare da mutanen gari, ka sha iskar teku har a kunna fitilu. Abincin dare kuwa ka nufi titin Mohammed Ali, unguwar Musulmi da ke kewaye da masallacin Minara, inda ake samun gasasshen nama na halal, musamman a watan azumi. Ka sani jihar Maharashtra ta haramta yanka shanu, saboda haka jan naman da za a kawo maka na ɓauna ne ko na akuya. Ruwan sha kuwa ka sayi na roba wanda ba a taɓa buɗe murfinsa ba.