Fijo 504 ta shekara goma a ajiye: kurakuran da ke kashe ta ranar da za a tashe ta

Gidaje da yawa a Kaduna da Zariya da Kano in ka leƙa bayan gida za ka tarar da ita, Fijo 504 ta Baba ko ta Kawu, an rufe ta da tamfol, tayoyi sun kwanta, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Motar nan Faransa ta fara fitar da ita a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna bayan an buɗe kamfanin Peugeot a 1975, kuma duk wanda ya hau ta a hanyar ƙauye ya san ƙarfe ce ta gaske. Abin da ke min ciwo shi ne yawancin waɗanda na gani sun lalace ba zaman ne ya kashe su ba, mintuna goman farko na ranar da aka zo tayar da su ne.

Babban kuskure, wanda kusan kowa ke yi, a aro batir a ɗaura a murza makulli wai a ji ko za ta tashi. Don Allah kar ka yi. Injin da ya yi shekaru bai juya ba duk baƙin man da ke jikin silinda da karanshaf ya tsiyaye ya koma ƙasa, zobban fistin sun kama, wani lokaci ma raɓar damina ta shiga ta bawul ɗin da ya tsaya a buɗe ta yi tsatsa a ciki. Kana murzawa ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe, zobe ya karye ya karce bango, motar ma ta iya tashi ka yi ta murna, bayan sati biyu sai hayaƙi shuɗi da shan mai kamar me. Abin yi shi ne ka fara hure ƙurar da ke ramin fulogi, domin a 504 fulogin na can ciki ne cikin bututu kuma datti na taruwa sosai, sannan ka kwance su a hankali tunda kan injin alminiyom ne, haƙorinsa ba ya jure gaggawa. Zuba ɗan baƙin mai kamar cokali biyu a kowace silinda, ka bar shi kwana uku ko ma sati, sai ka sa sifana a fulin karanshaf ka juya da hannu. In ya zagaya sau biyu lafiya lau, alhamdulillahi. In ya cije, ƙara mai ka ƙara haƙuri, ka riƙa ɗan motsa shi gaba da baya kaɗan kaɗan.

A nan ne wasu ke cewa a ɗaura igiya a ja ta da wata mota a saka giya a saki kulochi, wai zai ɓalle. Zai ɓalle kam, amma tare da zobba, ko hannun fistin ya lanƙwashe. Na taɓa ganin an yi wa wata wagon haka, motar da kwana biyar na jiƙo ya ishe ta, ƙarshe sai da aka sauke injin gaba ɗaya.

In kuma ta kai ga sai an buɗe tof, wato kan injin, akwai abin da yaran gareji na yanzu da yawa ba su sani ba saboda ba a kan irin injin nan suka koyi aiki ba. Silindojin 504 silib ne da ake zurawa, ruwan sanyaya inji na zagaye da su kai tsaye, kuma akwai siririn sil a gindinsu. Tof ɗin ne ke danne su. Da ka cire tof ka juya inji ba ka danne silib ɗin da ƙarfe da noti ba, fistin zai ɗago shi, sil ya motsa, ka mayar da komai ka sa sabon gasket amma ruwa na sauka cikin baƙin mai, sai ka ga mai ya koma kalar shayi da madara, a yi ta zargin gasket ana canzawa. In bakaniken da ka samu bai san da wannan ba, ka ce masa oga yi haƙuri, ka nemi dattijon da ya yi zamani da Fijo, har yanzu akwai su.

Sai maganar fetur. Man da ya shekara a tanki ba fetur ba ne kuma, ya zama wani abu mai warin fenti mai danƙo, ga tsatsa a ƙasan tankin. Mutane sai su ƙara galan ɗaya na sabo a kai su ce ai zai gauraya, nan take dattin ya bi layi ya toshe jet ɗin kafireta. A sauke tankin a wanke, a hure layin, a canza duk tiyon roba ko da a ido lafiya yake, a kwance kafireta a wanke ta. Tashin farko ma gara ka ja mai daga galan mai tsabta. Kuma ka duba famfon mai, robar cikinsa in ta tsage fetur na zubewa cikin baƙin mai ba tare da ka gani ba, in ka shinshina sandar gwada mai za ka ji. Zuba fetur a bakin kafireta ana murza makulli kuma, mutum na tsaye da gora a hannu, wallahi haka ake ƙona mota da fuska.

Baƙin mai da filta a canza tun kafin tashi, ba bayan ta tashi ba. Sannan fulogi a kwance su, wayar kwayil a cire, ka murza ta daƙiƙa goma goma har fitilar mai ta mutu a dashbod, lokacin ne mai ya zagaya. Kwantak ɗin da ke cikin distiributa kuwa sau da yawa gogewa kawai yake so da saitin tazara, 0.4 na milimita, ba sai an zubar da distiributa an sa wata ba.

Kafin ma ka haɗa batir, bi wayarin da ido da hannu. Ɓeraye na son mota a ajiye, suna cin waya su yi sheƙa a gidan iska, zanzaro kuma ya gina a bakin salansa. Inda aka taɓa naɗa waya a madadin fis, cire ka sa fis na gaske.

Lagireto ma ana raina shi. A wanke, a canza tiyoyi da fanbel, a daina ɗura ruwan rijiya zalla domin shi ke cinye alminiyom ɗin tof, a sa ruwan lagireto na gora. Masu cire tamostat su yar saboda wai ƙasarmu da zafi, ni ban yarda da su ba, in mota na zafi to akwai toshewa ko famfon ruwa ya gaji, shi za a nema.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne birki, domin da inji ya tashi sai zumuɗi ya kama kowa a ce bari a zagaya unguwa. Man birki na shan danshi daga iska, shekara goma ya isa ya sa tsatsa a masta, wato babban famfon birki, da fistin ɗin ƙafafu, robobin sun bushe, taka ta farko zai kama, ta uku ƙafarka ta tafi har ƙasa, ga yara na wasa a layi. A zubar da man duka, a canza robobi da tiyoyin birki, a fitar da iska. Taya kuma kar zanenta ya ruɗe ka, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefenta, misali 2314 na nufin sati na 23 a 2014, in lambobi uku ne to tun kafin 2000 aka yi ta. Tayar da ta kwana shekaru a kwance ta riga ta tsattsage a ciki.

Kuɗin fenti da kujeru a ajiye shi tukuna. Na ga wanda ya fara da fenti ya kashe abin da ke hannunsa, aka zo ɗaga kafet aka tarar ƙasan motar ya ruɓe, dole mai walda ya ƙona sabon fentin. Kayan gyara kuma in za ka kasuwar Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka tafi da tsohon a hannu a gwada, domin 504 kala kala ce, na salun daban na wagon da fikof daban, kuma kar ka yar da na asali sai sabon ya yi wata guda yana aiki.