Yadda ake kimanta ƙarfin guguwar teku da hoton maikurowef na tauraron ɗan Adam

Ɗalibai a nan Sakkwato kan ce, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da guguwarsa? Da ruwanmu. Hadarin da ke ratsa Sahel a Agusta da Satumba, in ya nausa yamma ya wuce tsibiran Kef Bade, daga cikinsa ne manyan guguwar Atlantika da dama ke tashi.

Da farko ka ajiye hoton infrared, mai auna zafin saman gajimare, gefe. Hanyar Dvorak ta shekarun 1970, ta kimanta ƙarfin guguwa daga siffar gajimarenta, da shi take aiki, amma siririn gajimaren sama kan lulluɓe idon guguwa, wato filin da ke tsakiyarta, ruf. Maikurowef yana ratsa shi. Nemo hoton GMI, AMSR2 ko SSMIS, na'urorin maikurowef da ke kan taurarin ɗan Adam; hotuna biyu kawai kake buƙata, na mitar 37 GHz da na 89 GHz, kada ka ƙone datarka wajen sauke tarin fayil.

Sai nemo cibiya, kuma nan ne kowa ke tuntuɓe. Sabon shiga yakan ruga ga hoton 89 GHz saboda jan zoben nan mai ɗaukar ido. Ƙanƙarar da ke can ƙololuwar gajimare yake nunawa, kuma na'urar a karkace take kallo, kusan digiri 53, don haka zoben kan goce daga ainihin cibiya da kilomita goma ko fiye. Na taɓa kwana ina lissafi a kan cibiyar da ba ita ba, da safe na yage takardar. Ni dai dokata ita ce: fara da 37 GHz, wanda ke ganin ruwan da ke ƙasa-ƙasa, ka ɗiga alama da fensir, sannan ka buɗe 89. In tazarar zobban biyu ta wuce ta karkatar na'ura, iskar sama ce ke kwantar da guguwar, kada ka ba ta ƙarfin da ba ta da shi.

Daga nan duba bangon idon, wato zoben hadarin da ya kewaye shi. Zobe rufaffe, mai kauri, alamar ƙarfi ne. Zobe biyu, ɗaya cikin ɗaya, tana sauya bango, ƙarfinta zai ɗan ragu.

Adadi kuwa daga tashoshin kusan 55 GHz na AMSU-A ko ATMS, na'urorin da ke auna ɗumin iska, yake fitowa: gwargwadon ɗumin tsakiyarta a sama, gwargwadon faɗuwar matsin iska a ƙasa, wanda shi ne ma'aunin ƙarfinta. In guguwar ta faɗo gefen hoto ko idonta ƙarami ne, awon zai gaza. Gwada adadin da ƙiyasin SATCON na Jami'ar Wiskonsin, mai haɗa awon taurari da dama, ka rubuta sa'ar da tauraron ya wuce.