Kurakuran da sababbin masu Starlet ke ta maimaitawa

Na gaji da jin ana cewa "ai Starlet duk ɗaya ce". Toyota ta ƙera wannan mota daga 1973 zuwa 1999, zubi biyar, kuma tsakanin wani zubi da wani akwai tazarar da ko injinsu bai haɗu ba.

Ta farko, Publica Starlet ta 1973, ma ba mai ƙofar but da ke buɗewa har da gilashin baya ba ce. Da but ɗinta daban ta zo. Siffar da muka sani ta fara ne a 1978 da zubi na biyu, wato P60, wadda tayoyin baya ke turawa, injinta na jerin K mai kaca. A 1984 P70 ta juya komai: ja ya koma tayoyin gaba, injin E ya shigo da taimin bel. Don haka mai neman farfela, wato ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ga Starlet ta 1987 yawo kawai yake yi a kasuwa.

Babban kuskure shi ne sayen kaya da suna ko da shekara. Malam, buɗe bonet ka karanta lambar shasi! KP61 ce, ko EP71, ko EP82, ko EP91? Harafin farko injin yake nufi: K, ko E, ko N idan mai dizal ce. P80 da ta fito a 1989 ita ce tarkon, domin jiki ɗaya ne amma ciki iri-iri: EP80 na da 1E, EP81 na da 2E, EP82 kuma 4E. Nan na ƙone. Tawa 2E ce mai kafireta, wani mai kayan gyara ya rantse mini cewa 4E-FE zai zauna daram. Ya zauna kuwa, sai dai bai tashi ba, saboda injin injekta yana son wayoyinsa, da ƙwaƙwalwarsa, da famfon mai mai ƙarfi a tanki. Motar ta daɗe a gareji tana shan ƙura, ni kuma ina sayen abin da ya kamata tun farko a haɗo mini. Yanzu ko fulogi zan saya, hoton lambar shasi na cikin wayata, kuma tsohon kayan na hannuna. Wasu kanikawa na ganin wannan tsirfa ce. Su gani.

Sai masu ruɗuwa da sitika. GT Turbo ta zubin P80 da Glanza V ta zubin P90 na 1996, masu injin 4E-FTE, don kasuwar Japan aka yi su, sitiyarinsu a dama. 'Yar Kwatano da ta fito daga Turai da sitiyari a hagu, an manna mata "Turbo" a baya, tambayi mai ita ya nuna maka tarbon da yatsa. Za ka ga ya fara duba agogo.

Taimin bel kuwa, in ba ka san ranar da aka sa shi ba, canja shi a makon da ka sayi motar.

Vitz da Yaris ba zubi na shida ba ne. Su suka gaje ta a 1999, da nasu injin.

Starlet sabuwa da aka fara sayarwa a Afirka a 2020 ma Suzuki Baleno ce da ake ƙerawa a Indiya, aka sa mata tambarin Toyota. Kada ka kai ta wurin mai kayan EP91 kana cewa a duba maka na ƙanwarta.