Hasumiyar fitilar teku: inda magina da matuƙa suka fi yin tuntuɓe

Dutsen Eddystone yana cikin teku, kimanin kilomita 20 daga garin Plymouth na Ingila. Hasumiya huɗu aka ɗora a kansa, uku ba su tsaya ba, kuma kowace da abin da ya ci ta.

Henry Winstanley ya kunna tasa a 1698. Da katako ya yi ta, mai kusurwoyi, ga ado kamar ɗakin amarya. Igiyar ruwa kuwa duk inda ta sami lungu nan take kamawa. Guguwar Nuwamba 1703 ta share ginin, shi ma maginin yana ciki. John Rudyerd ya gane wannan, ya yi tasa sumul, sai dai bai rabu da katako ba, alhali kyandir ake kunnawa a samanta. Gobara ta cinye ta a 1755.

John Smeaton ne ya kawo gyaran da aka daɗe ana bi. Ya sassaƙa duwatsu yadda kowane zai sarƙe da na kusa da shi, ya liƙe su da farar ƙasa mai daskarewa ko a cikin ruwa, ya faɗaɗa gindi ya tsuke sama kamar kututturen babbar bishiya. An kunna ta a 1759, ta haura shekara ɗari tana aiki. Ginin lafiyarsa lau, dutsen da ke ƙarƙashinsa ne teku ya ƙwaƙule har hasumiyar ta riƙa girgiza. Ashe auna dutsen ya kamata ya riga zanen ginin. A 1882 James Douglass ya kammala wata a gefe, gindin tsohuwar kuwa yana nan tsaye cikin ruwa har yau.

A ɓangaren matuƙa, kuskuren da ya fi muni shi ne nufar hasken kai tsaye. Hasumiya irin wannan a kan halaka take zaune, faɗa maka take yi ka kauce.

Sai ganin haske a ce ai wance ce. Kowace hasumiya da salon ƙyaftawarta: ta Eddystone fari ne sau biyu a cikin daƙiƙa 10. Ka ɗauki agogo, ka ƙirga zagaye uku aƙalla, sannan ka duba taswirar teku. A ƙaramin jirgi igiyar ruwa kan tare maka ƙyaftawa ɗaya, biyu ta koma ɗaya a idonka, shi ya sa zagaye guda ba ya isa. Kuma kada ka tanƙwara lissafin don ya dace da hasumiyar da kake fatan gani, wannan cuta ce ta mai gajiya cikin dare.

Ƙarfin haske ma ba ma'aunin nisa ba ne. Hazo kan dusashe fitilar da ke gab da kai, sannan lanƙwasar duniya kan ɓoye wadda ke ci da ƙarfi idan kana zaune ƙasa-ƙasa. Ka auna kusurwarta da kamfas, ka haɗa da ta wata alamar, inda layukan suka gicciya nan kake.

Launi kuma ba kwalliya ba ne. Ƙasa da babbar fitilar Eddystone akwai wata ja, wadda ke haska sashen wasu duwatsun ƙarƙashin ruwa da ake kira Hand Deeps. Muddin kana ganin jan nan, kana kan layinsu, sai ka karkata har ya ɓace.