Babi na Shida: Girman Taya da Na'urar Hana Santsi a Mota

Darasi na 1: Karanta lambar taya

Ku tashi mu je wurin mota, kowa ya bar bironsa tukuna. Ku durƙusa ku shafa gefen tayar da hannu. Rubutun baƙi ne a kan baƙi, in ƙura ta rufe shi a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Rubuce-rubuce suna da yawa a wurin, amma wanda muke nema yana kama da wannan:

205/55 R16

Lambobi uku ne, kuma daga hagu ake farawa. 205 faɗin taya ne da milimita. Wancan layi da ya karkata ba lamba ɗaya ba ce, raba lambobin kawai yake yi. Harafin R yana nuna irin saƙar cikin tayar. 16 kuwa girman wili ne, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kai, da inci ake auna shi.

Saura ta tsakiya, 55. A nan kusan kowa yake tuntuɓe, har direbobin da suka shekara ashirin a kan sitiyari, don haka kada wanda ya ji kunya. Lambar tsakiya ba milimita 55 ba ce. Kashi 55 ne cikin ɗari na faɗin tayar, shi ke nuna tsayin roba daga bakin wili zuwa inda taya ke taka ƙasa. Kashi 55 na 205 ya kai kusan milimita 113.

Mu maimaita tare: lambar tsakiya kashi ce, ba milimita ba. Ɗora yatsanka a kanta, ka faɗa da ƙarfi. In ta ƙaru, taya ta ƙara tsayi. In ta ragu, taya ta gajarta. Saboda haka tayoyi biyu za su iya zama 16 dukansu, su shiga wili ɗaya, amma tsayinsu ya bambanta. Baba, sake dubawa, a hankali, ba gudu muke ba. Wace lamba ce a tsakiya? Madalla. Kashi ce ko milimita? Kashi ce.

Aiki: zagaya motar, ka rubuta lambar kowace taya a layinta. Huɗu, ba ɗaya ba. Ka ja layi ƙarƙashin lambar tsakiya a kowane. In ka kuskure, goge ka sake, haka kowa ya koya.

Darasi na 2: Yadda mota ke ƙirga juyin taya

A motocin zamani, a bayan kowane wili akwai ƙaramar na'ura mai waya, aikinta ƙirga saurin juyawar tayar tana aika wa kwamfutar mota. Da ita birkin ABS yake aiki, wato birkin da ke hana taya tsayawa cak tana jan ƙasa in an taka shi da ƙarfi, da ita kuma na'urar hana santsi take aiki, wadda Toyota ke rubuta wa TRC ko TRAC. Idan damina ta yi ka taka totur a laka, taya ɗaya ta riƙa juyawa a banza, kwamfutar za ta ga ta fi sauran sauri, sai ta rage ƙarfin inji ko ta ɗan kama birkin wannan tayar. A lokacin wata fitila mai hoton mota da layuka biyu a karkace za ta riƙa ƙiftawa a dashbod.

Kwamfutar ba ta ganin hanya, ƙirga kawai take yi. Ɗauki alli ka yi wa taya alama, ka yi wa ƙasa alama, a tura motar har tayar ta juya sau ɗaya, sannan a auna. Taya 205/55 R16 tana cin kusan mita 1 da santimita 98. Taya 215/60 R16 tana cin kusan mita 2 da santimita 9. A kilomita ɗaya, ta farko ta juya kusan sau 504, ta biyu sau 479. Dukansu 16 ne. Me ya fi raba su? Lambar tsakiya. Kun ga dalilin da na dame ku da ita.

To a ce Corolla ce, mai jan gaba, an sa mata gajeru a gaba da dogaye a baya. Na gaba za su riƙa juyawa fiye da na baya a kan busasshiyar kwalta, kwamfutar ta ɗauka santsi ne. Sai ka ji mota tana nauyi kana taka totur, ko fitilar ta kama ta ƙi mutuwa. In dogayen ne a gaba, santsi na gaske zai iya farawa kafin ta farga.

Darasi na 3: Wajen mai faci

Nan kam sai na yi faɗa. Makon jiya na duba littattafanku, fiye da rabi layi ɗaya suka rubuta. Na ce huɗu! Wani ya je ya sayo tokumbo guda ɗaya, mai faci ya ce masa "sha shida ce, za ta shiga", ya biya ya tafi bai karanta komai ba. Shiga daban, dacewa daban. Sannan fitila ta kama, ka ce wa bakanike ya cire ƙwanta. Haba! Iyalinka ne fa a cikin motar nan. Me ya sa muke zama a aji in ba za ka durƙusa minti ɗaya ka karanta ba?

Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin, an rubuta girman tayar da kamfani ya sa da yawan iskarta. Kwafe ta a littafinka, ka tafi da shi kasuwa. Ka duba lambar tsakiya kafin ka fito da kuɗi.

Darasi na 4: Idan dole a canja girma

A canja huɗun gaba ɗaya, kuma kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin ɗari. 195/65 R15 da 205/55 R16 tsayinsu kusan ɗaya ne. Doguwar taya tana sa maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudunka.

Darasi na 5: Shekarar taya

Nemi haruffan DOT a gefen tayar, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a layinsu, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta. 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Rubuta na motarka ka kawo ranar Asabar.